Kayan azumin 'ya'yanmu na ruwa: abin da na rubuta daga Janairu zuwa bayan Sallah

Laraba, 15 ga Janairu, 2025

Yau ranar tunawa da mazan jiya. Muna zaune da Inna ana nuna ajiye furanni a Abuja, sai ga wasu cikin fararen kaya sun wuce a jere. Inna ta miƙe daga kishingiɗa ta ce, "Ga irin kayan Auta can." Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba har aka yi azahar.

Shekara huɗu ke nan autanmu yana sojan ruwa, yanzu yana kan wani jirgi a Legas. Azumi uku ya yi ba a gida ba. A unguwa in ka ce ɗanka sojan ruwa ne sai a yi dariya a ce, a Tiga yake ko a Challawa? Matan sojan ƙasa suna da bariki, suna da juna. Namu iyalan a warwatse suke cikin gari, kowa da tagumin sa. Na gaya wa maigida ina son in nemo gidajen da ke da ɗa ko miji a ruwa, mu haɗa musu kayan azumi. Ya ce in fara da kawunsa, tunda shi ya yi aikin har ya yi ritaya. Na sayi wannan littafin naira 700, daga aljihuna.

Asabar, 18 ga Janairu

Zama na farko a tsakar gidanmu bayan la'asar. Mata tara, sai Kawu a kan kujera daga bakin zaure. Biyu iyaye ne, biyar matan aure, ni da wata 'yan uwa ne.

Kawu ya saurare mu har muka gama lissafa kilishi da dambu da alkaki, sannan ya ce, "'Yata, jirgi ba gidan biki ba ne. Kowa ɗan akwatin ƙarfe gare shi, bai fi ki sa kaya kala uku ba. Kuma ba a kai kaya bakin ƙofa a ce a miƙa wa wane." Shawararsa ita ce a samu mutum amintacce a Legas ya ajiye, duk wanda ya samu fita ya je ya karɓi nasa. Akwai ɗan yayar Inna da ke sayar da hatsi a Agege, tsohon zangon Hausawa ne can, kowa ya san hanya. Na kira shi, ya ce ba komai.

An tsayar da naira 2,000 kowane gida duk Asabar. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ita ce ma'aji, don ta fi mu iya riƙe kuɗi da iya cewa a'a.

Asabar, 25 ga Janairu

Gidaje sun zama 14. Goma sha uku sun biya, 26,000. Na buɗe mana zaure a WhatsApp.

Laraba, 29 ga Janairu

Na yi ta bin gidaje bayan tashi daga makaranta. Kurna, Ɗorayi, Hotoro. Abin da ban zata ba: ba duka ne a Legas ba. Wasu suna wajen Fatakwal, wasu kuma suna Baga, a bakin Tafkin Chadi, inda rundunar ke da sansani. Wata uwa ta ce min ita ba ta taɓa ganin teku ba, ɗanta ma bai daɗe a cikinta ba aka turo shi Borno, yana sintiri a ƙananan jirage cikin ciyawa. Ta ce, "Da na ji an ce ruwa na ɗauka ya yi nesa da harsashi." Ban san me zan ce mata ba, na sha ruwan da ta kawo na rubuta lambar wayarta.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An tara 30,000. Kawu ya ce kada mu zuba duk kuɗin lokaci guda, mu fara aika ɗan kaɗan mu ga yadda hanya take. Mun sayi kilishi na 15,000 a Agadasawa, mun yi dambun nama na 12,000 a gida, ƙuli-ƙuli da yaji da kwali 6,500. Na mutum huɗu ne, har da Auta.

Talata, 4 ga Fabrairu

An ba wa direban wata doguwar mota a Sabon Gari, kuɗin saƙo 8,000. Jimlar gwaji: 41,500.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Kaya sun isa Agege lafiya. Na tura wa Auta saƙo, bai shiga ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Asara ta farko.

Tun ranar Alhamis wayar Auta a kashe. Sauran ukun ma biyu ba a samunsu. Ashe jirgi ya fita, kuma ba sa sanar da kowa, su kansu wani lokaci da safe ake gaya musu. Ɗaya ne kawai ya samu zuwa ranar Asabar ya karɓi nasa. Yau ɗan uwan namu na Agege ya ji wani wari daga ƙarƙashin teburinsa, ya buɗe kwalin, ya ɗauko hoto ya turo min. Kilishin ya yi hunhuna, fari-fari da kore-kore kamar an barbaɗa toka. Dambun ya dunƙule ya yi yauƙi. Ƙuli-ƙulin ya yi laushi, amma ana iya ci.

Laifinmu ne. Mun naɗe kilishin a takarda yadda ake yi a nan, inda a wannan sanyin za ka ajiye shi wata guda ya ƙara bushewa har ya riƙa karyewa. Mun manta can iskar ma ruwa ce a cikinta. Ɗan uwan ya ce shi hatsinsa ma sai ya ɗora a kan katako, in ya taɓa ƙasa kwana uku ya fara ɗumi. Dambun kuwa ni na san inda na yi kuskure: ban bari ya soyu ya ƙafe ba saboda ina tsoron ya ƙone, kuma na zuba shi a roba da sauran zafinsa.

Na kira Hajiya na gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Allah Ya sa iyakarta ke nan. Amma ke za ki faɗa musu ranar Asabar, ba ni ba." Kuɗin matan nan ne, wasu daga kuɗin cefane suke cirewa. Wajen 20,000 ya tafi bola. Da dare na kasa cin tuwo.

(Ranar Asabar da ta wuce an tara 34,000, na manta ban rubuta ba.)

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Wata rigimar kuma. Ɗaya daga cikin iyayen ta yi murya a zaurenmu tana neman addu'a, ta faɗi sunan jirgin ɗanta, ta faɗi ranar da ya ce za su tashi da inda suka nufa. Wata ta ɗauka ta tura zauren Islamiyyarsu, don a samu yawan masu addu'a. Kafin magariba muryar ta dawo min ta hannun wata malama da ba ta da alaƙa da mu.

Kawu bai iya WhatsApp ba, jikansa ne ya kunna masa. Ya zo gidanmu da kansa bayan isha'i, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ɓarayin ɗanyen mai da masu fashin teku su ma suna da waya, kuma babu abin da suke saye da tsada kamar labarin yaushe jirgin sintiri zai bar bakin ruwa. Ya ce bayan haka ma, in aka bi sawu aka gano daga bakin yaron maganar ta fito, shi za a hukunta.

Na goge abin da zan iya gogewa. Na rubuta doka uku: ba sunan jirgi, ba ranar tafiya ko dawowa, ba hoton da lambar jikin jirgi ta fito. Addu'a a ce "'ya'yanmu" kawai, Allah Ya san su. Baiwar Allah ta ji haushi ta fita daga zauren. Gobe zan je gidanta, irin wannan ba a gyara shi ta waya.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na je. Ta ce ba dokar ce ta ɓata mata rai ba, yadda aka yi ta maimaita sunanta ne. Tana da gaskiya. Na ba ta haƙuri, ta dawo.

Liman ya yi mana sanarwa bayan sallar Juma'a, maigida da Kawu suka tsaya da kwali a ƙofa. An samu 87,350. Maigida ya ce wani dattijo ya tambaye shi wai sojan ruwa ba gwamnati ce ke ciyar da su ba? Ya ce masa tana ciyar da su, amma ba ta dama musu kunun tsamiya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na faɗi asarar a gaban kowa, na nuna hoton. An yi 'yan guna-guni. Wata ta ce ai da an tambaye ta, ta zauna a Ojo shekara biyu da mijinta, ta san halin ɗanshin Legas. Na ce to me ya hana ki faɗa? Ta ce ba wanda ya tambaye ta. Wannan ma gaskiya ne. Daga yau ita ce mai kula da ɗaurin kaya.

Sabon tsari: ba nama ko kaɗan. Garin kunun tsamiya, garin kunun gyaɗa, ƙuli-ƙuli, yajin daddawa, kuka, dabino. Duk abin da ruwan zafi kawai yake buƙata ko ake barbaɗawa a kan abincin da aka ba su. Komai a shanya shi ya bushe ƙarau, a liƙe a leda da inji, ƙanana-ƙanana, yadda in an buɗe ɗaya za a cinye a zama biyu. Injin liƙe leda 18,000, leda 7,000.

An tara 36,000. Wani ɗan kasuwa a Singa da ya ji sanarwar masallaci ya aiko da rabin buhun sukari, ya ce kada a faɗi sunansa. Gidaje 23 yanzu: 12 Legas, 6 wajen Fatakwal, 5 Baga. Na rufe rajista, in ba haka ba kuɗin ba zai kai ba.

Talata, 18 ga Fabrairu

Ƙarfe biyu da rabi na dare waya ta tashe ni. Yarinyar nan ta Kurna ce, mijinta jirginsu ɗaya da Auta. Ba ta wuce shekara ashirin ba, cikin fari. Iyayenta suna ƙauye a Jigawa, surukarta ta rasu, gidan haya take da ƙanin miji ɗan sakandare. Ta ce, "Yaya, ruwa ya fashe, kuma ban san wa zan kira ba."

Maigida ya tayar da maƙwabcinmu mai adaidaita. Muka kai ta asibiti kafin asuba. Aka rubuto kayan da za a saya da kuɗin da za a ajiye. Ta miƙo min katin bankin mijin, ta ce albashi ya shiga tun ƙarshen wata, ita ke cirewa. Mai POS ya saka sau uku, ya duba jikin katin ya ce, "Hajiya, ai wannan ya mutu tun ƙarshen Janairu." Wa'adinsa ya ƙare. Sabo kuwa sai mai asusun ya je da kansa, mai asusun yana tsakiyar teku. Kuɗi na nan a ciki, ana ganinsu a saƙon waya, ba halin taɓawa. Ashe sati biyu ke nan bashi take ci a shagon unguwa, kunya ta hana ta faɗa. Kuma duk Asabar tana kawo dubu biyunta.

Na kira Hajiya da asuba. Na san kuɗin na kayan azumi ne, ba mu yi da kowa za a taɓa su don wani abu ba. Ta ce, "Nawa?" Na ce 31,000. Ta ce, "Rubuta rance ne, ki sa hannu, in an tashi faɗa mu biyu za a yi wa." Ta turo.

Ta haihu wajen sha ɗaya na safe, mace, lafiya lau.

Ina zaune a kan benci ina tunanin kwana nawa na ɓata a kan kilishi. Na shiga gidan yarinyar nan sau biyu, na rubuta sunan mijinta da inda yake, ban taɓa tambayarta me ta ci ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

An sallame su. Inna ta ce a kawo ta gidanmu ta yi wankan jego a ɗakinta, ba za a bar mai jego da yaro ɗan sakandare ba. An kira iyayenta, gwaggonta za ta zo jibi.

Na ɗauki littafin na sake bin gidajen ta waya ɗaya bayan ɗaya, da tambayoyi dabam: in ya yi wata ba a same shi ba, da me kuke ci? Katin na hannun wa, yaushe zai mutu? Wa ake kira da dare? Kuɗin haya yaushe? Cikin gidaje 23, bakwai ba su da hanyar taɓa ko sisi in wayarsa ta mutu. Biyu katinsu zai ƙare kafin babbar Sallah. Ɗaya mai gidan haya ya ba ta zuwa ƙarshen Maris.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kawu ya kawo 50,000 daga tsofaffin abokan aikinsa su biyar. Ya ce a zamaninsu ana rubuta wa mata wani kaso na albashi su riƙa karɓa da kansu, shi bai ga dalilin da zai sa yaran yanzu, da waya a hannunsu, su kasa sa banki ya riƙa tura wa matansu wani abu duk wata ba. Zai yi musu magana ɗaya-ɗaya in sun sauka. Daga bakinsa za su fi ji.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An tara 40,000. Na faɗi maganar rancen, ba wadda ta ce uffan. Mai muryar nan ta kwanakin baya ma cewa ta yi a ƙara mata da sabulu.

Da safe kuma Kawu ya je makarantar da nake koyarwa ya yi wa 'yan aji shida da iyayen da suka zo taro magana. Shugabar makaranta ce ta nema, da ta ji abin da muke yi. Na ɗauka minti ashirin zai yi, ya yi awa ɗaya da rabi.

Ya fara da tambayarsu ko sun san akwai jiragen yaƙi masu sunan Hausa. Suka ce a'a. Ya ce Aradu fa? Shi ne babban jirgin da aka ƙera a Jamus, ya fara aiki a 1982, tsawonsa ya haura mita 120, kuma a 2005 har Ingila ya je taron jiragen duniya. Ya ce akwai Dorina, akwai Damisa, akwai Kyanwa, a da kuma akwai Ruwan Yaro da aka riƙa koyar da aiki a kansa. Yara suka fashe da dariya a kan Kyanwa. Ya ce na baya-bayan nan akwai Kada, mai ɗaukar sojoji da motoci ya sauke su a gaɓa, ya iso ƙasar nan a 2022. Sai Karaduwa, wanda a Legas aka ƙera shi da hannun 'yan Najeriya, aka ƙaddamar a 2016, ya ce duk Bakatsine ya ji sunan ya san na gida ne. Ya gaya musu an kafa rundunar a 1956, kafin 'yancin kai, kuma 'yan Arewa sun shugabance ta: Murtala Nyako daga 1990 zuwa 1992, tun kafin ya zama gwamnan Adamawa, da Awwal Zubairu Gambo ɗan Kano daga 2021 zuwa 2023. Ya ce ga kwalejinsu nan ma a Dawakin Tofa, ba sai an je kudu za a ga farin kaki ba.

Wani yaro ya tambaya yaya ake gane alƙibla a jirgi. Kawu ya ce ana tambayar masu tuƙi, ka tayar da salla kana kallon gabas, kafin ka sallame jirgi ya juya da kai, Allah Ya san niyyarka. Ya ce satin farko ba salla ce matsala ba, amai ne.

Abin da ya fi tsayawa a kai shi ne ɗaukar aiki. Ana cikewa ta intanet, kyauta ne, ana neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, wanda aka ɗauka a kai shi makarantar horo a Onne ta jihar Ribas. Mai son zama hafsa kuma ga makarantar hafsoshin soja ta NDA a Kaduna. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, ɓarawo ne. Bayan an tashi wani uba ya ja shi gefe, ashe ya taɓa sayar da akuyoyin matarsa ya ba wani, har yau ba aiki ba kuɗi.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Dawanau da Rimi. Gero kwano 20, 44,000. Gyaɗa kwano 10, 40,000. Dabino 35,000. Tsamiya, citta, kanumfari, barkono, daddawa, kuka, 28,000. Niƙa 6,000. Jimla 153,000. Dabino ya tashi tun kafin a ga wata.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Surfe, wanki, shanya. Tsakar gida ba wajen taka ƙafa.

Talata, 25 ga Fabrairu

Suna. Har yau ba a samu uban ba, kwana goma sha tara ke nan. Yarinyar ta ce sun taɓa yin maganar in mace ce sunan mahaifiyarsa za a sa, amma ba ta son ta yanke ita kaɗai. Liman ya ce a raɗa sunan, yanka ya jira uban, ba laifi. Yayan mahaifinsa ya zo daga ƙauye ya tsaya a madadinsa. Goro da alewa maigida ya saya. Matan zaurenmu sha shida suka zo, kowacce da ɗan abin da ta riƙo. Gwaggon mai jego ta yi ta tambaya wai mu dangin miji ne? Inna ta ce eh.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Kwana biyu muna liƙe leda. Wuta ta ɗauke jiya tun azahar, muka kwashi kaya zuwa shagon wani tela mai janareto, ya ƙi karɓar kuɗin mai. Injin yana ƙona leda in an daɗe ana dannawa, mun yi asarar kusan talatin kafin hannu ya faɗa. Mai kula da ɗauri ta sa an tsoma kowane ƙulli a bokitin ruwa, wanda ya yi kumfa a sake shi. Na ga kamar ta cika tsanani, amma bakwai sun yi kumfa.

Ƙulli 23, kowanne da suna a jiki da wasiƙa daga gida. Waɗanda ba sa rubutu sun faɗa na rubuta musu. Wata uwa ta ce da ajami take so, ɗanta ya fi jin muryarta a haka, aka kira almajirin gidan Hajiya ya rubuta.

Na Legas 22,000, na Fatakwal 15,000, sun tafi yau. Na Baga sai an samu wanda zai wuce da su daga Maiduguri.

Asabar, 1 ga Maris

Azumi ɗaya. An dakatar da karo-karo har bayan Sallah, kowane gida da nauyinsa.

Litinin, 3 ga Maris

Legas da Fatakwal sun isa. Ɗan uwanmu ya ɗora kwalayen a kan katako. Mutum biyar sun karɓa.

Alhamis, 6 ga Maris

Auta ya kira! Muna shan ruwa, shi kuma ya ce saura kusan minti ashirin su sha, rana ba ta faɗi ba a can. Sun sauka jiya. Inna ta karɓi wayar ta yi ta faɗa wai ya rame, alhali murya kawai take ji.

Na ce ya nemo min mijin yarinyar. Ashe shi tun jiya da wayarsa ta kama ya ga saƙonni sun fi ɗari, ya zauna a ƙasa ya kasa tashi. An haɗa su, muka fita muka ba su ɗakin.

Daga baya na tambayi Auta kayan. Ya ce kunun ya yi, sun dama a babban kofi mutum shida suka sha, har da wani abokinsu Bayarabe da wani ɗan Kalaba da ba ya azumi. Yajin ne ya fi tashi, don shinkafar jirgi kullum ɗanɗanonta ɗaya. Kuka kuwa ya ce kada mu ƙara, ba mai ba su tukunya su kaɗa miya. Sannan ya ce, "Yaya, kayan nan mun gode, amma abin da ake ta magana a kai a nan shi ne na matar wane. Kowa tambayata yake ko za a sa gidansu a littafin."

Na ce su fara gyara maganar kati tukuna.

Laraba, 12 ga Maris

Mijin ya je banki a Legas ya karɓi sabon kati, ya turo 31,000 ɗin da kansa, ya kuma buɗe wa matar nata asusun ta hannun ƙaninsa. Bai samu hutu ba. Ya ce rago sai ya zo.

Lahadi, 16 ga Maris

Na Baga sun ba mu wahala. Sun tafi Maiduguri tun ran 5 ga wata, 9,000, suka zauna a shagon wani mai sayar da banda kwana tara. Hanyar ba kullum ake bi ba, kuma ba kowane direba ne ke yarda ya ɗauki ƙullin da bai san abin da ke ciki ba, saboda shingayen bincike. Ban ga laifinsu ba. A ƙarshe wani daga cikin yaran da ya fito Maiduguri karɓar magani shi ya koma da su. An buɗe biyu a hanya an duba, garin ya ɗan zube. Rabin azumi ya wuce kafin su sha kunun. Baɗi na Baga za su riga kowa tafiya, da sati uku aƙalla, kuma a leda mai nuna abin da ke ciki.

Uwar nan da ta ce min ta ɗauka ruwa ya yi nesa da harsashi ta aiko min da kifi banda guda huɗu, ɗanta ne ya bayar a kawo.

Lahadi, 23 ga Maris

Lissafi da Hajiya. Abin da ya shigo: karo-karo 166,000, masallaci 87,350, abokan Kawu 50,000. Jimla 303,350. Abin da ya fita: gwaji 41,500, inji da leda 25,000, kaya 153,000, mota 46,000, adaidaita da katin waya 5,000. Jimla 270,500. Saura 32,850, rance ya dawo.

Mutum biyu na Legas har yau ba su karɓi nasu ba. An buɗe ɗaya an duba, garin lafiya lau.

Matar da mai gidan haya ya ba wa wa'adi: Kawu da mai unguwa sun je sun same shi, ya ƙara mata wata biyu. Mijin yana cikin biyun da ba a samu ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi. Yau zama na farko bayanta, mata 19, da sababbi huɗu da suka zo da kansu.

An yi gardama a kan 32,850. Wasu na son a fara tara na kayan babbar Sallah. Hajiya ta ce a bar shi a matsayin kuɗin dare, ba a taɓawa sai haihuwa ko asibiti ko mutuwa, rance ne, a biya in albashi ya samu. Aka ƙirga hannu, 14 suka bi Hajiya. Karo-karo ya koma 1,000, rabi kuɗin dare, rabi na kaya.

An raba gidajen gida huɗu bisa unguwa, kowane rukuni da mace ɗaya da ba ta kashe waya da dare da mai adaidaita ɗaya da aka sani. Ɓangaren Hotoro ba mu samu mai adaidaita ba tukuna. Kawu ya yi magana da maza tara a kan tura wa gida kuɗi duk wata, shida sun yi, ɗaya ya ce masa ba ruwan kowa da albashinsa. Wata makarantar ta aiko tana son Kawu ya je kafin bikin rundunar na farkon Yuni, ya ce sai an samo masa hotunan jiragen manya-manya, don wancan karon a waya ya nuna, na baya ba su gani ba. Na tambayi mai buga hoto, 2,500 kowanne.

Mai jego ta koma ɗakinta ranar Alhamis, Inna ta raka ta da garin kunu da ya rage. Injin liƙe leda yana wajen Hajiya, wayarsa ta fara tsinkewa daga gindi, sai an kai gyara kafin a sake amfani da shi.